Ruwan Teku da Lemon Inna

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan alhamdulillahi, ƙafar Baba ta yi sauƙi, Yaya Babba kuma matarsa ta sauka lafiya, an samu mace.

Auta, raina a ɓace yake da kai, ba zan ɓoye ba. Ka san rijiyar lambu ta ƙafe. Da Baba ya kira ka neman shawara, sai ka ce masa rana tana raba ruwan teku da gishiri, ka kashe waya wai kana sauri. Shi ke nan, tsoho ya sa aka cika durom huɗu daga teku aka jera a rana. Kai da ka yi karatun, ba ka iya ƙara masa cewa ruwan ne ke tashi sama ya zama tururi, gishirin kuma ya zauna daram? Kullum ruwan raguwa yake, gishirin yana ƙara ƙarfi. Ni da ban wuce firamare ba na san haka, don na sha ganin ƙasan tukunya idan miya ta ƙone. Maƙwabcinmu masunci ma ya gaya wa Baba cewa abin da ya sa tekun kansa ba ya shawuwa ke nan, rana na kwasar ruwa tana barin gishiri.

Na ɗanɗana ruwan durom ɗin, na tofar, na kai wa Baba a kofi. Ko kallo bai yi ba, ya tambaye ni ko na fi ka ilimi ne. Ya zuba wa tumatir da barkono durom biyu, kwana uku suka ƙone ƙurmus. Har yau cewa yake ruwan ne bai gama shan rana ba, ɗansa ba ya kuskure. Rabin magana ai ya fi ƙarya ɓarna.

Saura durom biyu, kuma ya ce ranar Asabar bishiyar lemon da marigayiya Inna ta dasa zai ba. Ni ba ya jin tawa. Ka kira shi, ka zauna a wayar, ka ce ba ka gama bayani ba. In lemon nan ya mutu, Auta, kada ka neme ni.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Gwaggo da Yaya Babba suna gaishe ka. Baba ma ya ce in gaida masa malaminsa.

Yayarka,
wadda ta goya ka