Shirun da Na Gada a Gonar Gayya

Zuwa ga marigayi Kawu Ilu, makaɗin gangar noma na Gangara, ƙasar Damargu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗan ƙanwa ga kawunsa, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci.

Har yanzu ina Aljeriya, Kawu. Sauran ranaku dakon siminti, ran Juma'a kuma in haɗa kiɗan rawa a studiyon wani Balarabe. Kai ka ce hannuna ya yi wa ganga nauyi, ka ƙi koya mini. Na daɗe da haushin maganar nan a ciki. To, ba ka yi ƙarya ba, ko yanzu na'ura ke buga mini.

Ka tuna daminar da aka fara sa ni a sahun manya wurin gayya? Hauya ta kusa fin ƙarfina. Sai ka biyo bayana da ganga, ka buga mini take nawa na kaina, wanda ba a taɓa yi wa kowa ba. Inna ta rangaɗa guɗa daga bakin gona. Ranar aka daina aike na ɗebo ruwa.

Ana tsakiyar haka aka kira azahar daga gari. Ka ɗora tafi a kan fata, tsit. Cikin shirun nan na ji zuciyata na ci gaba da bugu, na gane akwai Mai buga ta. Sallar da na fara yi ke nan ba don tsoron bulala ba. Kakan ce makaɗin da bai iya tsayawa ba, surutu yake yi.

Taken nan na mayar kiɗan rawa, na bar shirunka a tsakiya. Mai studiyo ya ce in cire shi ko in bar masa na'urarsa, wai masu rawa za su zaci wuta aka ɗauke. Yana da gaskiyarsa. Sana'arsa ce, kuma bai taɓa tsayawa a gonar Damargu ba.

Amma ita gangar, ɗanka Sani ka bar wa, Kawu. Ni shirun ne rabona. Jiya na miƙa wa Balaraben makullin studiyonsa, na ɗauki kiɗana yadda yake.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ka huta, Ya kai ni gida in tsaya a kan kabarinka ko ban ce komai ba.

Ɗanka mai nauyin hannu,
Habu