Jikan Maisuna

Kwarin Dashi, Lahadi.

Zuwa ga Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya nauyin jiki? Allah Ya sauke ki lafiya. Ina gaida Malam Sada. Na san shi ke karanta miki takarduna, na kuma san yana tsallake wurin da na yi zafi. Allah Ya shirye shi.

Albishirinki, matata Nana ta sauka ranar Juma'a, namiji. Ita da yaron lafiya lau, Inna kuwa bakinta ya ƙi rufuwa. To amma ji inda tsiyar take. A ranar nan ita ma Gimbiya Lubna, matar Hakimi Ma'aruf, ta haifi nata, shi ma namiji. Sunanmu da na fada rana ɗaya ke nan.

Yanzu garin nan babu wata sana'a sai cankar sunan ɗan Hakimi. A teburin mai shayi har goro ake ajiyewa a ɓoye, don kada 'yan kwamitin shari'a su ce caca ce. Wasu sun ce Muktar, sunan mahaifin Gimbiya da ya rasu bara. Amma yawanci sun ce ai babu ko tantama, sunan tsohon Hakimi za a mayar. Suna faɗa suna dariya.

Kin fi ni sanin dalili. Sunan tsohon Hakimi shi ne sunan Babanmu. Saboda haka Baba ya yi rayuwarsa kaf a garin nan babu wanda ya taɓa kiran sa da sunan da ubansa ya yanka masa rago. Sai Maisuna. Maisuna zo, Maisuna tafi. Har a kan makara, cewa aka yi a yafe wa Maisuna. Da tsohon Hakimi ya rasu na ce alhamdu lillahi, suna ya kuɓuta, ran da na sami ɗa sunan Baba zai ci, a kira shi da shi a kasuwa da masallaci. Idan fada ta ɗauke shi ranar Juma'a, an sake kulle shi ke nan, ɗana ma ya zama Maisuna har ya tsufa.

Wallahi ba zan yarda ba.

Naki ƙane,
Sagir.

Kwarin Dashi, Laraba.

Yaya Haulatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara, ina fatan kumburin ƙafar ya sauka. Ki yi haƙuri da rubutun nan, hannuna duk baƙin mai, a garejin babura nake yin sa.

Baba Audi ya gama da ni. Shi na kira ya yi wa yaron huɗuba, tunda shi ne ƙanen Baba. Ashe kiran salla kawai ya yi masa a kunne, ya riƙe sunan. Wai a jira a ji abin da fada za ta ce. Wai Liman ma sai ya gama da ƙofar Hakimi kafin ya zo tamu, haka aka saba. Idan sun ɗauki sunan, mu nemi wani, kada a ce muna gasa da manya. Gasa! Da sunan ubana!

Na ce masa an tara mu an ce shari'a ta zo, kowa daidai yake da kowa. To a wane littafi aka rubuta cewa talaka ba zai amsa sunansa ba? Ni ban zauna a aji ba, da allon shaguna da tsofaffin jaridun ƙunshin ƙosai na koyi karatu, amma duk abin da ya shigo hannuna na karanta, ban ga wannan ba. Ya ce karatun ne ya lalata ni. Na ce shi kuma tsoro ne ya tsufar da shi. Inna ta jefe ni da ludayi.

Kada ki yi dariya, ni ma na shiga cankar. Na gyara wa wanzamin fada babur ɗinsa, na yi ta jan sa da hira, mutumin nan ya sha shayina ya tafi bai faɗa mini sunan ba. Na tura Hadijatu mai kitso ta bugi cikin barorin Gimbiya, ta dawo mini da labarin akwatunan kayan jarirai. Dube ni, ɗana yana kwance babu suna, ina yawon leƙen bakin wasu.

Na yanke shawara. Ko sun ɗauka ko ba su ɗauka ba, sunan Baba zan ba Liman. Kuma babu wani Abba, babu Baba Ƙarami, babu ɓoye-ɓoye. Da bakina zan riƙa kiran sa, a gaban kowa, wanda zai ji haushi ya ji.

Ki gaida mutanen Mai'adua.

Sagir.

Kwarin Dashi, Asabar.

Yayata Haulatu,

Sallama da gaisuwa. Direba ya kawo amsarki da turmin atamfar Nana, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

An yi suna. Jiya da safe muna zaune a kan tabarmi, goro a faranti, muna jiran Liman kamar masu jiran hukunci, sai ga maroƙi yana tafe yana shela. Muktar. Ɗan Hakimi Muktar ne. An ce Gimbiya ce ta roƙi a mayar mata da mahaifinta. Masu goro suka yi asara, Baba Audi ya sauke ajiyar zuciya har rawaninsa ya motsa. Ni kuwa haushi ne ya ƙara kama ni. Mako guda ban yi barcin kirki ba, su ko sanin ina duniya ba su yi ba.

Liman ya zo, Baba Audi ya raɗa masa, aka shafa fatiha. Maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan Baba a ƙofar gidanmu. Yaya, ban taɓa jin sa a sarari haka ba. Inna tana tsakar gida, da ta ji sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki. Kafin a gama feɗe rago, mata sun riga sun laƙaba masa Abba.

Na shiga da faɗa. Na ce a miƙo mini shi, yau za su ji yadda ake kiran yaro. Aka miƙo. An yi masa aski, kan nan fes, ga kunnuwan Baba sak. Na buɗe baki, mata suna kallona. Sai na ga kamar Baba ne zaune a zaure yana gyaran fartanya, ni kuma zan tsaya a kansa in kira shi gatsal. Harshena ya ƙi. Na sake gwadawa. Abin da ya fito shi ne Abba. Nana ta juya bango tana dariya, ita da ɗanyen jikinta.

A takardarki kin ce na cika wasiƙa biyu da masifa a kan suna, amma ko sau ɗaya ban rubuta shi ba. Na ji haushinki, don gaskiya ce. Har yanzu ina nan a kan bakana game da fada, ba su kyauta wa Baba ba. Amma abokan yaron nan za su kira shi da shi, malaminsa ma haka, babu wanda zai ce masa Maisuna. Wannan dai na samu.

To ga shi, bakina ya kasa, hannuna bai kasa ba. Malam Sada, don Allah kada ka tsallake nan, ka faɗa da ƙarfi, ko da za ta toshe kunne.

Sunan ɗana Nu'uman.

Naki har kullum,
Sagir, baban Abba.