A Dawo Mana da Koci Danladi Kafin Asabar

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan iyali da kasuwa suna lafiya.

Ni ne Audu Mai Fili, tsohon nan da ke yanke ciyawa yana zuba layi kafin wasa. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Bitrus akawu ne ya riƙe biro, ni kuma ina faɗa. Sau biyu yana cewa in sassauta harshe, na ce ya rubuta yadda ta fito. Na je ƙofar gidanka sau uku, maigadi ya ce ba ka nan, ga motarka ina gani. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Na ɗaya. Wannan ƙungiya a gabana aka haife ta. 'Ya'yan direbobi ne da masu gadi da kuku na gidajen nan, da wasu daga Badawa da Tudun Murtala, suka tsince ƙaya da kwalba daga filin da hannunsu. Ba mu taɓa samun gwani na a zo a gani ba. Abin da muke da shi Koci Danladi ne, malamin makaranta ɗan Zariya, wanda ya san inda kowa zai tsaya kuma ya sa shi ya tsaya a nan. Da haka muka hau rukuni biyu, muna doke masu takalma masu tsada.

Na biyu. Akwai al'adar da ya kafa, wadda ka gani ka yi dariya. In an tashi wasa, wanda ya ci ƙwallo ba ya shan ruwa sai ya ɗebo da kansa ya miƙa wa wanda ya ba shi fasin, shi kuma ya miƙa wa ɗan bayan da ya ƙwato ƙwallon. Mai ci shi ne na ƙarshe. Ka ce wannan wasan yara ne. Alhaji, shekara da shekaru ina kallo, ban taɓa ganin wanda ya sha ruwan nan ya yi rowar ƙwallo a bakin raga ba.

Na uku, kuma nan ne zafin yake. Ka karɓi shugabanci ka gyara mana raga, ka sayo jesi, na gode, ban manta ba. Amma ka kawo mai ɗaukar bidiyo ka ce duk wanda hotonsa ya yi kyau za a tura wa dillalan 'yan wasa a ƙasar waje. To bidiyo ba ya ɗaukar wanda ya toshe hanya. Yanka yake ɗauka da ci. Tun daga ranar kowa ya zama ɗan gaba. Har golanmu na gani ya fito tsakiyar fili yana neman yanke mutum, aka ƙwace aka jefa mana a raga babu kowa.

Da Koci ya ajiye Nazifi, mai cin ƙwallayenmu, a benci, saboda sau uku abokinsa yana tsaye shi kaɗai gaban raga ya ƙi ba shi, sai ka kori Koci a gaban 'yan wasansa. Yanzu sunayen masu bugawa a ambulan suke zuwa, direbanka ke kawowa. Ban iya karatu ba, amma ina ganin wanda ke ɗaura takalmi da wanda aka bari a zaune.

Wanda aka bari a zaune Sa'idu ne, mai lamba shida. Ka ce shekararsa tara a ƙungiyar nan bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Gaskiya ne, bai ci ba. Aikin da aka ba shi ke nan, ya tsaya gaban 'yan baya ya ƙwace ya miƙa, kuma bai taɓa tsallake inda aka ajiye shi ba. Ranar da muka hau rukuni da tsagaggen goshi ya ƙarasa wasan, ni na ɗaure masa da rawanina. Tun da ka cire shi, wasa shida muka buga, ko canjaras ba mu samu ba. Har yau yana zuwa atisaye bayan ya ajiye Keke Napep, ya zauna a benci. Ni kam na gaza haɗa ido da shi.

Ranar Asabar ne wasan ƙarshe. In muka sha kashi mun faɗa rukunin ƙasa, kuma na san yaran bidiyo ba za su bi mu can ba. Koci kuwa ya samu aikin koyarwa a garinsu, ranar Juma'a zai tashi, kayansa a ɗaure suke.

Roƙona uku ne. Ka je wurin Koci da ƙafarka, ba aike ba, ka ba shi haƙuri a gaban waɗanda ka kore shi a gabansu. Ka mayar wa Sa'idu gurbinsa. Ka bar koci ya zaɓi 'yan wasansa, kai ka zauna a inuwa ka yi tafi, shi ma aiki ne.

Ba na zaton za ka yi. Ko ka yi ma, kwana huɗu ba su gyara abin da aka yi wata biyar ana ɓatawa. Na sa an rubuta ne saboda na san abin da za a ce gobe: wai yaran zamani ne ba su jin magana, su suka kashe ƙungiya. Ina nan aka yi komai, kuma muddin ina numfashi ba zan bari a ɗora musu ba. Abin da aka ce za a ba su lada a kai, shi suka yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya shirya maka zuri'a, ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya tun kana da sauran lokacin jinta.

Wassalam.

Audu Mai Fili,
Nassarawa GRA, Kano.