Kofin Inna Hauwa

Daren Laraba, Ƙofar Marusa

Yau a ɗakin gwaji na ga abin da na daɗe ina jira. Ƙwayoyin ciwon dajin da na ɗiga wa ruwan ganyen sabara ba su mutu ba, amma sun daina hayayyafa barkatai, sun fara kama da lafiyayyu. Wani sinadari a ganyen ne ya sa suka balaga. Na waiga in nuna wa wani, kowa ya tashi.

Da na sani ban faɗa wa Gwaggo ba da na dawo gida, don ta kai labarin maƙwabta. Bayan magariba sai ga maƙwabciyarmu Inna Hauwa da kofi a hannu. Ciwon ne ya kwantar da mijinta.

"Ɗiyata, ko cokali guda ki sam mani."

Na ce, "Inna, a farantin gwaji kawai ya yi aiki. Ba a gwada a jikin mutum ba, zai iya cutar da Malam."

Ta ce, "A unguwar nan ba a hana magani." Ta fita ba sallama.

Gwaggo ta shige ɗaki ta kwanta. Kofin na nan a bakin ƙofata. Ban san da wane ido zan mayar wa Inna Hauwa da shi wayam ba.