Ni Ke Ɗinka Rigar Ɗan Lelen Baba

Mama, don Allah ki taimake ni, abin nan ya kusa cinye ni.

Ni tela ne, ɗan tela. Shekara ashirin da biyu ina kan keken Baba, a ƙarƙashin wata fanka da sai an tura ta da sanda take juyawa. Mu biyu ya haifa, ni da Auta. Shi Auta aikin ofis yake a babban gari, ko zare bai iya zura wa allura ba. Amma duk shekara sai Baba ya zaɓo yadi mafi kyau a yi masa riga mai aiki a wuya. Ni kuwa ragowar yadin kwastomomi ne rabona. A da shi ke ɗinkawa, in kawar da kai. Yanzu idonsa ya yi rauni, aikin ya dawo kaina. Ki duba fa, ni ke kwana huɗu ina wa rigar ɗan lele ado!

Bana zuciya ta ɗebe ni. Na rage hannun rigar da inci uku, na matse wuyan, da gangan, don ya yi ƙorafi in sami bakin magana. Auta ya saka, ya dubi hannun, ya dube ni, ya yi godiya. Haka ya tafi da ita majami'a wuya a shaƙe. Ranar kuma aka karanta ayar nan ta Littafi Mai Tsarki, inda wani uba ya fifita ɗa guda har ya yi masa riga mai ado, 'yan'uwan suka tsane shi, ko maganar alheri ba sa iya yi masa. Baba ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin. Bai ga kansa a ciki ba ko kaɗan.

Kullum 'yan'uwan ake zargi a wa'azi. Uban fa? Wata biyar ke nan ban ɗauki wayar Auta ba, ganin sunansa ma ɓata min rai yake. Ina so in fita harkarsu duka.

Tela mai ƙunar rai

Ɗana,

Ba zan ce ka yi haƙuri kawai in rufe baki ba. An yi maka rashin adalci, kuma ayar ba ta wanke uban ba, da laifinsa ta fara. Amma kai ma ka san inda ta taɓa ka, shi ya sa ka rubuto.

Baba ne ya ɓata maka, ka huce a kan Auta. Shi kuwa ya gane abin da ka yi, ya shanye, ya rufa maka asiri a gaban jama'a. Mai raina ka ba zai yi haka ba.

Ka zaunar da Baba ku biyu, ka faɗa masa cikin ladabi yadda abin ke ci maka rai. Wataƙila ya gane, wataƙila ya ce ƙuruciya ke damunka. Kada ka dogara da sauyawarsa, tsoho ne.

Auta kuma ka kira shi yau, ka amsa laifinka ba kwana-kwana. Wata biyar yana nemanka. Akwai ranar da zai gaji ya daina, kuma ba Baba za ka zarga ba a ranar.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita gidanku.