Cikin da Ya Zauna a Kan Ɗinki

Litinin, 6 ga Yuni, 1994
Likita ta daɗe tana kallon hoton cikina kafin ta yi magana. Wai cikin bai zauna inda ya kamata ba, ya maƙale a kan ɗinkin tiyatar da aka yi mini a haihuwar fari. In ya girma wurin zai yage, jini ya ɓalle. Shekara bakwai ina roƙon Allah cikin nan.

Alhamis, 9 ga Yuni
Na ce a bar mini abina. Malam, maigidana, bai yi faɗa ba, hularsa ya cire yana ta murzawa, ya ce, "Jamilatu, ni ke nake so a bar mini." Na yarda aka yi allurar da za ta tsayar da cikin. Na yi kuka har na ji kunyar nas.

Talata, 14 ga Yuni
Umma ta zo daga Limancin Kona da yarinyar nan, 'yata ta fari, da ke hannunta tun yaye. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa jan ta jikina gaban mutane ba. Kunyar ɗan fari ke nan, ni ma haka Umma ta yi mini. Yarinyar ta tsaya bakin ƙofa tana leƙena. Ashe har ta yi giɓi, ban sani ba.

Asabar, 18 ga Yuni
Allura ba ta yi ba. Jini tun safe. Sun ce tiyata. Tsoro nake ji.

Lahadi, 26 ga Yuni
Na rayu, amma sai da suka cire mahaifar. Haihuwa ta ƙare. Umma na shafa mini mai a ƙafa, ba ta ɗago ba ta ce yanzu ta farin ita ce autar.

Lahadi, 3 ga Yuli
Ina gidan Umma ina jinya. Yarinyar nan ta ajiye mini kunu ta juya da sauri kamar kullum. Sai na ji bakina ya ce, "Rahmatu, zo nan." Ta waiwaya tana neman wanda ya kira ta. Umma ta duƙufa kan tsintar shinkafa, wai ba ta ji ba.

Ba wani abu ba ne, kitsonta ne ya tsufa. Na tsefe ɓari ɗaya ta yi barci a cinyata, ban tashe ta ba. Gobe na ƙarasa.