Magajin da Bai Yi Kuka Ba

Daren Alhamis, Birnin Kudu

Yanzu na dawo daga Dingaya, ko tuwo na kasa ci. Jikin Baba ya yi tsanani. Ya tara dattawa ya ce in ta Allah ta kasance, ƙanena Habu za a kai wa dagaci ya zama mai unguwa. Habu ya kifa kai a gado yana ta kuka. Ni kuwa ina bakin ƙofa a sunkuye, kunyar ɗan fari ta hana ni matsawa. Baffa Idi ya ce, "Yaya, babban fa?" Baba ya ce, "Wancan ai boko ya busar masa da zuciya." Ko yau bai kama sunana ba.

Makon jiya na ba ɗalibaina labarin wani sarkin Hittiyawa na zamanin da. Yana kwance ba lafiya ya tsige magajinsa, ya sa aka rubuta a allon yumɓu cewa yaron bai zubar masa da hawaye ba. Har na ce musu sarkin ya yi daidai.

Wallahi ba rawanin ne ya dame ni ba. Allon nan maganar sarki kaɗai ya adana, ba wanda ya rubuta abin da yaron ya yi bayan ya fita. Ni dai da na wuce Gwaram sai da na tsayar da babur a gefen hanya, don hawaye sun hana ni ganin gabana.